Yadda Ake Zagaya Garuruwan Tangaran na Japan a Jirgin Ƙasa: Arita, Imari da Hasami

Duk wanda ya tashi a gidan da uwa ke da kabad ɗin jere ya san tangaran, farantan nan da ba a sauke su sai ranar Sallah ko in an yi babban baƙo, waɗanda kakanninmu ke kira faɗi-ka-mutu. Son su ne ya fara kai ni lardin Saga da ke tsibirin Kiyushu a kudancin Japan, inda aka soma yin tangaran a ƙasar shekara 400 da suka wuce. Tun daga nan na sha komawa, wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci ina rakiyar 'yan'uwa. Kusan duk sabon zuwa kuskure biyu yake yi: ya buɗe aljihu kafin idonsa ya buɗe, sannan ya raina jadawalin ƙananan jiragen ƙasa na yankin. Tsarin da zan ba ka na kwana 3 ne, kuma an gina shi ne don ka tsallake waɗannan ramuka biyu.

Abubuwan da za ka tanada

Fasfo da biza. Mai fasfon Najeriya tun a gida yake neman biza, kafin ya tashi. Fasfon ya kasance a jikinka kullum, don da shi ake sayen tikitin rangwame na baƙi, da shi kuma ake cire maka haraji a shago.

Tsabar kuɗi. Yen ake kashewa. Ka yi canji tun a filin jirgi, ka nemi takardun yen 1,000 da yawa da kuma silalla. Ƙananan shagunan magina da yawa ba sa karɓar kati, kuma injin canjin da ke cikin ƙaramin jirgi ba ya karɓar takardar 5,000 ko 10,000.

Jakar goyo mai ƙarfi, da akwati mai taurin baya wanda ka bar rabinsa ba kaya. Takalmi mai taushi da ake cirewa cikin sauƙi, saboda wasu ɗakunan nuni sai an tuɓe takalmi. Ƙaramar tocila, safar hannu ta auduga, salatif, da tsofaffin riguna ko tawul na naɗe kaya. Waya mai intanet da manhajar taswira da ta fassara. Sallaya mai naɗewa. Laima kuma, in tafiyarka ta faɗo watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli, lokacin daminarsu.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka tashi

Tangaran ba daga yumɓun tukunya irin namu ake yin sa ba. Dutse ne fari ake niƙawa ya zama gari, a tace, a kwaɓa, a gina, a yi gashin farko a zafin da ya kai digiri 900, a yi zane, a tsoma a ruwan sheƙi, sannan a yi babban gashi a wajen digiri 1,300. In za a sa ja da kore da ruwan zinari, sai a sake zane a kan sheƙin, a mayar wuta a wajen digiri 800. Duk ƙarin launi ƙarin wuta ne da ƙarin hannu, shi ya sa farashi yake hawa.

Tarihin da mutanen Arita ke riƙe da shi shi ne, wani magini ɗan Koriya mai suna Yi Sam-pyeong, wanda aka kawo Japan bayan yaƙe-yaƙen da Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya kai wa Koriya daga 1592 zuwa 1598, shi ya gano dutsen tangaran a Izumiyama a 1616. Da rikicin sauyin sarauta ya tsayar da fitar kaya daga ƙasar Sin a tsakiyar ƙarni na 17, sai 'yan kasuwar Holan suka juyo Arita. Kayan a Arita ake yin su, amma daga bakin ruwan Imari ake loda su, don haka Turawa suka san su da sunan Imari. Kada wannan ya rikita ka a gidan tarihi: abin da aka rubuta wa "Ko-Imari", wato tsohon Imari, yawanci aikin Arita ne.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci

Akwai babbar kasuwar tangaran ta Arita da ke ci daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu kowace shekara, wadda asalinta ya faro tun 1896. Rumfuna ɗaruruwa ne ke jeruwa a titi mai tsawon kusan kilomita 4, mutum wajen miliyan ɗaya ke zuwa cikin makon. In saye da yawa ne a gabanka, lokacinka ke nan, kaya na araha sosai. Amma makon hutun ƙasa ne, masauki yakan ƙare watanni kafin lokacin, kuma ba wanda ke da sukunin tsayawa ya yi maka bayani.

Ga mai zuwan farko, ni Nuwamba nake zaɓa. Iska da sanyi-sanyi, ganyen itatuwa sun koma ja da rawaya, akwai ƙaramar kasuwar kaka a ƙarshen watan, magina kuma suna da lokacinka. Ka guji Agusta saboda zafi mai gumi da guguwar teku da kan tsayar da jirage. Ka guji kwanakin sabuwar shekara, kusan ko'ina a rufe. Kuma ka tsara yadda ranarka ta farko ba za ta faɗo Litinin ba. Dalili na zuwa a mataki na 3.

Mataki na 2: Daga Fukuoka zuwa Arita

Ƙofar shiga yankin ita ce birnin Fukuoka. In a Tokiyo ko Osaka ka sauka, ka ƙarasa da jirgin sama na cikin gida ko jirgin ƙasa mai gudun tsiya, Shinkansen. Daga sashen jiragen cikin gida na filin jirgin Fukuoka, tasha biyu kacal ce a jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa babbar tashar Hakata.

A Hakata ka je ofishin tikiti na kamfanin JR Kyushu. Akwai tikitin baƙi na arewacin Kiyushu, na kwana 3 ko na kwana 5, wanda kake hawa jiragen JR da shi ba ƙirga. In bayan tangaran za ka leƙa Nagasaki ko Beppu, ya biya kuɗinsa. In Arita da Imari kawai za ka, ka zauna ka lissafa tukuna, sau da yawa tikitin zuwa da dawowa ya fi sauƙi, musamman da yake wannan tikitin ba ya aiki a layin da ya haɗa Arita da Imari.

Jirgin da za ka nema sunansa Midori, mai zuwa Sasebo, ko Huis Ten Bosch. Sau da yawa a haɗe suke tashi kamar jirgi ɗaya, sai a tashar Haiki suke rabuwa, ita kuwa tana gaba da Arita, don haka duk taragon da ka shiga a cikinsu za ka isa. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce.

Hattara: tun da aka buɗe sabon layin Shinkansen na Nagasaki ranar 23 ga Satumba 2022, akwai jirgi mai suna Relay Kamome da ke bin hanya ɗaya da Midori, amma a Takeo-Onsen yake ƙarewa. In allon bai nuna Sasebo ko Huis Ten Bosch ba, ba naka ba ne. In ka riga ka shige shi, kada hankalinka ya tashi. Ka sauka a Takeo-Onsen, ka hau jirgi na gaba mai zuwa Sasebo, Arita ba nisa daga nan.

Masauki a Arita kaɗan ne. In ba ka samu ba, ka kwana a Takeo-Onsen ko a Imari, duka biyun na da otal kusa da tasha.

Mataki na 3: Gidan tarihi tukuna, kada ka sayi komai

Da ka sauka Arita, ka kulle akwatinka a akwatunan ajiya na tasha, ka taka zuwa Gidan Tarihin Tangaran na Kiyushu, wanda aka buɗe a 1980. Yana kan tudu, tafiyar minti 12 zuwa 15 daga tasha. Shiga ɗakunan nuninsa na dindindin kyauta ne. Ranar Litinin yake rufewa.

Ka ba shi awa biyu, kada ka yi rowar lokaci a nan. Akwai tarin da wasu miji da mata, iyalan Shibata, suka bayar kyauta, kaya sama da 10,000, an jera abin da ake nunawa daga cikinsu bisa shekarun yin su. In ka bi su a jere, da idonka za ka ga yadda hannun maginan ya faro da kauri da shuɗi mai dishi-dishi, ya yi ta gogewa har ya kai siranta da tsabtar da ta ruɗa sarakunan Turai. Salo huɗu nake so ka fita da su a kanka:

Sometsuke, shuɗi a kan fari, zanen yana ƙarƙashin sheƙi. Shi ne tushe.

Kakiemon, farin jiki mai kama da madara, zanen tsuntsu ko reshe a gefe guda da ja mai haske, a bar sauran filin fayau. Gidan Sakaida Kakiemon ne suka fito da shi a shekarun 1640, kuma har yau gidan na aiki, yanzu a hannun magaji na 15. Masana'antar Meissen ta Jamus, da aka kafa a 1710, ta daɗe tana kwaikwayon wannan salo.

Kinrande, wanda aka cika da ja da shuɗi da ruwan zinari har ba wurin sa yatsa. Shi ne wanda Turawa suka fi jida, kuma shi ya fi kama da abin da idonmu ya saba so a jere.

Nabeshima, na sarakuna, wanda zan yi maganarsa idan mun isa Okawachiyama.

Wanda ya ga na ainihi da safe, da yamma ba za a sayar masa da zanen inji a farashin zanen hannu ba. Amfanin wannan matakin ke nan.

In ranar ta ƙi sai Litinin, juya tsarin: fara da tsohon gari, ka danne zuciyarka kada ka saya, washegari da safe ka zo nan.

Mataki na 4: Tsohon gari, daga sama zuwa ƙasa

Koma tashar Arita ka hau jirgin gida mai tsayawa ko'ina, ka koma baya tasha ɗaya zuwa Kami-Arita. Midori ba ya tsayawa a nan a ranakun da ba na kasuwa ba, jiragen gidan kuma ba su da yawa, don haka ka ɗauki hoton jadawalin da ke jikin bango tun da safe. In ka rasa jirgi, ofishin baƙi da ke gaban tashar Arita na ba da hayar keke, ko ka ɗauki tasi.

Dalilin farawa daga Kami-Arita shi ne daga nan hanyar gangarowa take, kuma tarihi ma daga nan ya gangaro. Tashar kanta tsohon ginin katako ne. Daga ita ka taka zuwa mahaƙar Izumiyama. Abin da za ka gani fili ne mai faɗi da bangayen dutse fari da rawaya kewaye da shi. Da can tsauni guda ne cur, shekaru 400 na haƙa suka mayar da shi faranti da kofi. Yau yawancin magina dutsen tsibiran Amakusa suke amfani da shi, mahaƙar ta zama wurin tarihi.

Gangaro kaɗan za ka ga wata katafariyar itaciya da ake kira ico, wadda aka ƙiyasta ta kai shekara 1,000. A Nuwamba ƙasan gindinta kamar an shimfiɗa darduma rawaya. Daga nan ka bar babban titi ka shiga lungunan baya, inda katangun tonbai suke. Tonbai tubalin tsohon tanderu ne da aka rushe, aka haɗa da jar ƙasa da fasassun kayan gashi aka gina katanga. Ka matsa kusa ka shafa. Tubalin da ya shekara yana shan wuta fuskarsa ta narke ta yi ƙyalli kamar an shafa zuma, wani ruwan kasa, wani kore-kore, babu biyu masu kama ɗaya. A lungun nan na fi daɗewa duk zuwan da na yi.

Yawancin gidajen babban titin an gina su ne bayan gobarar 1828 da ta cinye garin, kuma tun 1991 unguwar ke cikin jerin wuraren da gwamnatin Japan ke karewa. A nan manyan gidaje suke: Imaemon, masu salon Nabeshima mai launi; Koransha; da Fukagawa Seiji, wanda ya samu lambar zinari a baje kolin Faris na 1900. Ɗakunan nuninsu a buɗe suke ga kowa, ka shiga ka kalla ko ba za ka saya ba.

Sai wurin bautar Tozan na addinin Shinto, inda ƙofar shiga da gumakan zakunan gadi duk na tangaran ne fari da shuɗi. Ƙofar tun 1888 take. Ba sai ka shiga harkar ibadarsu ba, aikin hannun za ka duba. A kan tudun da ke bayansa akwai hasumiyar tunawa da Yi Sam-pyeong, daga can kana hango rufin garin da bututun hayaƙi na jan bulo a cikin kwari. Gargaɗi mai muhimmanci: layin dogo ya ratsa ta saman matakalar farko ta wurin. Akwai ƙararrawa, amma babu sandar da ke sauka ta tare hanya. In ka ji ƙara, tsaya cik, kuma ka riƙe hannun yaro in kana tare da shi.

Shaguna kan fara rufewa da ƙarfe 5 na yamma, gari ya yi tsit da wuri. Abin da ya burge ka yau, ɗauki hotonsa da farashinsa bayan ka nemi izini ("shashin, ii desu ka?"), ka rubuta sunan shagon.

Mataki na 5: Ƙaramin jirgin Imari

Washegari da sassafe. Layin da ke zuwa Imari na kamfanin Matsuura Railway ne, wanda ya karɓi hanyar daga JR a 1988. Daga tashar Arita yake tashi, kilomita 13, kamar minti 25. Yawanci tarago ɗaya ne mai injin dizal, direba shi kaɗai ba kwandasta, yana ratsa gonakin shinkafa da bayan gidaje, 'yan makaranta na hawa suna sauka.

Ga yadda ake hawansa. A ƙananan tashoshin da ba ma'aikaci, ta ƙofar baya ake shiga, ka zari 'yar takarda mai lamba daga injin da ke bakin ƙofa. A gaba, sama da direba, akwai allo mai nuna kuɗin kowace lamba, yana ƙaruwa yayin da ake tafiya. In za ka sauka, ka je gaba, ka jefa takardar da kuɗin daidai a akwatin kusa da direba. Akwatin ba ya ba da canji, sai dai ka fasa takardar 1,000 a injin da ke jikinsa tun jirgi na tsaye a wata tasha. Kada ka nuna tikitin JR a nan, ba ya aiki.

Tashar Imari gini biyu ne, titi ya raba su, gada ta haɗa su ta sama. Ɗaya na Matsuura, ɗaya na JR. Ka lura da wanda ka fito daga ciki, don a nan mutane ke tsayuwar jiran jirgi a inda ba zai zo ba.

Mataki na 6: Okawachiyama

Ƙauye ne a cikin wani kwari da duwatsu masu tsini suka kewaye ta gefe uku, kamar minti 15 a bas ko tasi daga tashar Imari. A 1675 sarakunan gidan Nabeshima suka kwaso gwanayen maginansu daga Arita suka kawo nan, suka sa shinge da masu gadi a bakin kwarin don kada sirrin sana'a ya fita. Abin da ake yi a nan ba na kasuwa ba ne, kyauta ce da ake kai wa shogun, wato shugaban sojan da ke mulkin ƙasar, da manyan sarakuna, wanda bai kai ba kuwa a fasa shi. Haka aka yi ta yi har 1871. Yau akwai gidajen magina kusan 30 a kan hanya ɗaya mai hawa.

Bas ɗin 'yan ƙalilan ne a yini. Kafin ka shiga ƙauyen, karanta lokacin dawowa a jikin allon tsayawar bas. Ni na taɓa shagala a wani ɗakin zane har ta ƙarshe ta wuce. Mai shagon, wata dattijuwa, ita ta kira mini tasi ta waya, ta zaunar da ni da shayi har ya iso. In haka ta same ka, shiga kowane shago ka ce "takushi onegai shimasu", za su kira maka.

Abin da ya shagaltar da ni ran nan ya cancanci a tsaya a gani. Wata mai zane ce ke cike shuɗi a cikin layukan da wani ya riga ya ja. Burushinta kauri gare shi kamar damtsen jariri, ta jiƙa shi ya sha ruwan launi, ta riƙe gashin da yatsu. In ta matsa kaɗan, ruwan ya sauko ya bazu a kan farantin. In ta sassauta, burushin ya tsotse rarar. Bakin burushin da ƙyar yake taɓa farantin, farantin take karkatawa ruwan na bin ta. Launin kuma a lokacin ba shuɗi ba ne, toka-toka ne mai duhu, sai wuta ce za ta fito da shuɗin. Wannan aiki dami ake ce masa. Bayan ka gan shi sau ɗaya, ba ka ƙara cewa farantin hannu ya yi tsada.

Alamar farantin Nabeshima ita ce gindi mai tsayi da aka zana wa layuka kamar haƙoran mataji. Akwai mai launi, akwai shuɗi da fari, akwai kuma seiji, kore mai sanyi kamar ruwan rafi, wanda ake samun dutsen sheƙinsa a tsaunin ƙauyen. Kafin ka fita, ka ga gadar bakin ƙauye da aka lulluɓe da tangaran, da turamen niƙa dutse da ruwa ke ɗagawa yana saki, da tarin duwatsun kaburburan magina kusan 880 waɗanda ba su bar magada ba, cikinsu har da 'yan Koriya, an jera su kamar dala.

Mataki na 7: Hasami, in kayan amfanin yau da kullum kake so

Hasami na lardin Nagasaki, amma tsauni ɗaya ne tsakaninta da Arita. Ba ta da tashar jirgi, sai tasi daga Arita, kamar minti 15, ko bas. Tun zamanin da can ita ce mai yi wa talaka kwano, irin wanda ake kira kurawanka, mai kauri da saurin zane. Har yau kayanta su ne na cin abinci kullum: sauƙin farashi, ƙarko, suna hawa kan juna a kabad ba rigima. Je unguwar Nishinohara, tsohuwar masana'anta da aka mayar shaguna, sannan in da lokaci ka hau ƙauyen Nakaoyama ka ga kufan tanderu mai hawa tudu ɗaki bayan ɗaki, tsawonsa ya haura mita 160.

In kwana 2 kawai gare ka, bar Hasami. Madadinta Arita Sera, rukunin shagunan 'yan sari 22 a wuri ɗaya, mintuna kaɗan a mota daga tashar Arita, kuma a buɗe yake kullum.

Mataki na 8: Saye

Yanzu ne lokacin buɗe aljihu, a rana ta uku. Kowane abu ka yi masa gwaji biyar. Ɗora shi a tafin hannu ka ƙyasta bakinsa da farce: lafiyayye kan yi ƙara siririya mai ja, mai tsaga kan yi ƙara a dakushe. Ɗaga shi ga haske ko ka haska tocila ka nemi tsaga da ɗigon baƙi. Ajiye shi a tebur ka taɓa gefensa ka ga ko yana rawa. Shafa gindinsa; in yana da kaushi zai karce tebur, amma wannan ƙaramin aibi ne, takardar yashi mai laushi na gyara shi. Na biyar, ɗauko guda biyu masu zane ɗaya ka haɗa. In kowane layi ya zo daidai ba bambanci, bugu ne. Bugu ba laifi ba ne, kuɗinsa dai kada ya kai na hannu. Kana iya tambaya kai tsaye, "tegaki desu ka?", wato "zanen hannu ne?", za a gaya maka gaskiya.

Ba a ciniki a shago ko a gidan magini. Farashin da ke rubuce shi ne farashi, neman ragi kuwa yakan sa mai shago jin nauyi. A rumfunan kasuwar Mayu ne kawai ake taya kaya, shi ma a hankali da fara'a, musamman in ka haɗa da yawa ko ranar ƙarshe. Yawancin arahar kasuwar kayan da ke da ɗan tabo ne, don haka gwajin nan biyar a can ya fi zama dole.

In kana son farauta, masana'antar Kouraku a Arita na da rumbun tsofaffin kaya inda kake biyan kuɗin kwando ɗaya, a ba ka minti 90 ka cika shi da abin da ka tono. Sai an yi rajista tun kafin ranar. Kayan ƙura ce a kansu, nan safar hannu da tocila za su yi maka rana.

Shagon da ke da alamar cire haraji, in sayayyarka ta kai yen 5,000, nuna fasfo. Abu mai tsada yakan zo a akwatin katako mai rubutun maginin da hatiminsa. Kada ka yar da akwatin don rage nauyi, shi ne shaidar kayan. Mai ruwan zinari ko azurfa kuma ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci.

Mataki na 9: Naɗi da dako

Ce wa mai shago jirgin sama za ka hau, zai ƙara naɗi. A masauki ka sake bi ɗaya bayan ɗaya. Kada tangaran ya taɓa tangaran, ko da takarda ɗaya ce a sa tsakani. Cusa safa a cikin kofuna, naɗe hannun kofi daban, murfin buta ma daban. Faranti a tsaye ake jera shi a kan gefensa, a tsakiyar akwati, tufafi sun kewaye shi ta ko'ina. Farkon zuwana na kwantar da manyan faranti 6 a ƙasan akwati, nauyi ya hau kansu, biyu suka iso gida a rabe. In ka rufe akwati ka girgiza ka ji motsi, buɗe ka ƙara tsumma. Mafi tsada a jakar hannu zai tafi. Tangaran na da nauyi fiye da yadda ido ke gani, ka auna akwatin tun a otal.

In kaya sun fi ƙarfin hannu, yawancin shaguna na aika kwali zuwa otal ɗinka na Fukuoka ko filin jirgi ta kamfanin dako irin Yamato, mai alamar baƙar kyanwa. Ka ba da tazarar kwana 2 zuwa 3 kafin tashinka.

Ci da salla a hanya

Taliyar ramen ta Fukuoka da romon ƙashin alade ake yin ta, haka champon da ake sayarwa ko'ina a yankin, ka kiyaye. Miya da yawa kuma ana sa musu giyar girki mai suna mirin. A tashar Arita ana sayar da shinkafa da miyar kori a cikin kwanon tangaran da mai saye ke tafiya da shi, amma da naman sa ake yi wanda ba yankan Musulmi ba. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne gasasshen kifi da gishiri, farar shinkafa, dafaffen ƙwai da 'ya'yan itace, duk ana samu a ƙananan kantunan da ba sa rufewa. Akwai godofu, awarar Arita mai santsi da danƙo. Ka ce a kawo maka miyarta daban, ka tambayi abin da ke ciki.

Masallacin Fukuoka, wanda aka buɗe a 2009, yana kusa da tashar Hakozaki, tasha biyu daga Hakata a jirgin gida. In tafiyarka ta haɗa da Juma'a, tsara ta ta same ka a can. A garuruwan tangaran kuwa sai ɗakin masaukinka ko wani gefe mai tsabta a lambu. Ka tuna alƙibla a can ba gabas take ba kamar gida: yamma za ka fuskanta, ka ɗan karkata arewa.